Baba Dabo da Injin da ke Ƙamshin Ƙosai

Da an idar da sallar asuba, Baba Dabo ba ya komawa gida. Sai ya ɗaura jarkoki a bayan kekensa ya bi gidajen masu suya, yana sallama daga zaure: "Masu gida, akwai na jiya?" Na jiya shi ne man da aka soya ƙosai ko awara da shi har ya yi baƙi ƙirin, wanda ita mai suyar ma ta fara jin kunyar sake ɗora shi a wuta. In ya kai ɗakin inji sai ya bar shi a rana ya kwanta, sannan ya tace da ƙyalle, ya kuma tacewa, har sai ya daina ganin ɓurɓushin wake.

Ƙauyenmu yana arewa da Dawakin Tofa. Rijiyar burtsatse ɗaya gare mu, tsohon injin gas ke jawo ruwanta zuwa tanki. Shekarun da man gas ya fi ƙarfin talaka, dattawa suka ce a rufe ɗakin injin kawai. Dabo, bakaniken da ke kula da shi, ya ce, "Zai sha man gyaɗa, in an lallaɓa shi." Ya naɗe siririn bututu a jikin salansar injin, inda hayaƙi ke fita, don man ya yi zafi ya tsinke. Da gas kaɗan yake tayarwa, in inji ya ɗumama ya juya famfo zuwa man suya, in zai kashe ya mayar da shi gas. Hayaƙin kuwa ƙamshin ƙosai yake, har mata suka sa masa suna Dabo mai injin ƙosai. Bai taɓa ɓoye mana cewa man yana wahalar da injin ba. Kullum za ka same shi a durƙushe yana wanke nozul, bakin da ke fesa mai cikin inji.

Sai ga daminar amai da gudawa. Maƙwabtanmu na gabas, da injinsu ya tsaya, sun koma shan ruwan kududdufi. Maƙabartarsu tana jikin gonakinmu, muna noma muna ganin ana wucewa, wani lokaci ba makara ma, mutum ɗaya ne rungume da ɗan likkafani a ƙirji. Wallahi tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba. In 'yata Rahmatu ta yi kuka sai na duba zanin goyonta. Duk garin da kunne muke rayuwa: in mun ji tuf-tuf ɗin injin, hankali ya ɗan kwanta.

Ranar da nake son ba ku labari, an kwana ana yayyafi, gari ya yi sanyi. Dabo ya tayar da inji, ya juya famfo, injin ya yi tari ya mutu. Innalillahi! Ga mutane a layi da jarkoki suna jiran ruwa. Ya kwance bututu, sai ga wani abu ja ya daskare a ciki kamar man shanu. Ya shafa, ya shinshina, ya ce, "Manja ne."

Barira mai ƙosai ta fito daga layi. "Ni ce, Baba. Nawa bai kai rabin galan ba, na ji kunyar aiko maka da shi haka, sai na cika da manjan miyata." Ku ji fa! Mu mutanen nan, gara mu kwana da yunwa da mu aika mazubi rabi. A zafin rana manjan ya narke cikin baƙin mai ya wuce ƙyalle, sanyin safiya ya kama shi. Wasu suka fara yi mata caa. Dabo ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya saka da alheri, 'yata. Je ki ɗora mana ruwan zafi."

Can sai na ga matata Larai ta ɗauki bokiti, Rahmatu a bayanta, ta nufi hanyar kududdufi, wasu mata suna bin ta. Na tare ta. Ta ce, "Malam, randa ƙaf, itace duk ya jiƙe balle in tafasa na kududdufin, me zan ba ta?" Dabo ne ya fito bakin ƙofa, hannu duk baƙin mai, ya ce, "Larai, ku ba ni zuwa la'asar. Na roƙe ku don Allah, kowa ta ajiye bokitinta."

Barira ta ƙona karan danganta ta tafasa ɗan ruwan da ya rage mata. Aka naɗe bututai da tsumma mai zafi, shi kuma ya kwance filta da nozul yana wankewa da kananzir. Gas ɗin da ya rage ɗan kaɗan ne a gindin kwalba, in ya ƙare ba a tashi ba, shi ke nan. Yara suna kukan ƙishi, ba mai iya kallon wani. Ana kiran la'asar ya zuba gas ɗin, ya yi bismilla, ya kama hendil ya murza inji. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Sai ya kama. Da ya juya famfo kuma bai mutu ba, Larai ta zube a ƙasa tana kuka.

Baba Dabo, kai ne ka tsaya tsakaninmu da kududdufi. Kai ne ba ka tozarta Barira ba a ranar da gari ke neman wanda zai ɗora wa laifi. Yanzu an sa mana sola, idonka ya raunana, ka ajiye sifana da sauran kayan gyara, kana zaune a ƙofar gida. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya, ya shayar da kai ranar ƙishi.

Ku kuma masu karatu, in akwai irinsa a garinku ku je ku gaishe shi tun yana jin gaisuwa, ku kuma koyi riƙe abin jama'a kamar yadda ya riƙe. A waccan daminar, ƙauyenmu bai haƙa ƙaramin kabari ko ɗaya ba. Rahmatu bana ta shiga aji ɗaya.