Man Shanun Jajibiri

Inna, kakarmu ta wajen uba, ta rasu cikin azumin bana a gidanta da ke Sara. Da jajibiri ya zo na ɗora tukunya zan soya man shanu, sai na kasa tashi daga bakin murhun.

Tun muna yara wannan aikin nata ne. Da rana a sayo man a hannun matan Fulani a kasuwar Gwaram, ta wanke shi da ruwan randa har tsamin nono ya fita. Bayan sallar isha'i ta ɗora ƙaramar tukunya, ta yanka albasa, ta daka citta da kanumfari, mu jikoki mu kewaye wuta. Man da za a zuba a tuwon Sallah ke nan, ba ta yarda wani ya soya shi.

Binta, 'yar ƙanen babana, ita ke zama jingine da gwiwarta. Mahaifiyarta ta rasu tana goye, Inna ce ta raine ta. Ita ke miƙa albasa, ita ke riƙe ludayi. Ni aikina tura kara a wuta, hayaƙi yana cin idona, ina kallonsu.

Da man ya fara narkewa sai Inna ta ce, "Ga ta nan, ku matso ku karɓa." Duk shekara tatsuniyar ɗaya ce. Wata saniya ce da maruƙa biyu, ɗaya nata, ɗaya maraya. Kullum marayan take bari ya fara shan nono. Nata ɗan ya yi ta haƙuri har ya gaji, ya shiga daji neman wanda zai kai wa ƙara. Ya haɗu da kura. Kura ta saurare shi, ta ce lallai an cuce shi, amma nan waje akwai iska, ya shigo raminta ya faɗa mata da kyau.

Inna ba ta duba mai da ido, kunne take sa masa. Muddin yana ƙara, akwai sauran ruwa a cikinsa. "In ya yi shiru," in ji ta, "ko liman ke magana sai ya dakata." Kuma kullum a bakin ramin kura yake yin shiru.

"Inna, ya shiga?"

"Hauwa sarkin gaggawa. So kike man Sallah ya ƙone saboda maraƙi?"

Sai ta sauke tukunya, Binta ta riƙe mata fitila, su shiga ɗaki su tace, asabari ya rufe. Ban taɓa shakka ba cewa a can take ƙarasa mata. Nakan kwanta da ƙanshin albasa a zanena, zuciyata tana tafasa.

Ranar addu'ar bakwai Binta ta zo daga Birnin Kudu, inda take aure. Muna wanke kwanuka na tambaye ta ƙarshen tatsuniyar.

Ta tsaya da soso a hannu. "Wane ƙarshe, Yaya Hauwa? In mun shiga tace mai kawai muke yi. Sai ta lakato ɗanyen man da ta rage ta shafa mini a kai, ta kira sunan mahaifiyata, ta yi hawaye. Ban taɓa tambayarta maraƙin ba."

Na ɗauka jin haka zai sanyaya mini rai. Bai yi ba. Hawayen ma sai na ji ina ma a kaina suka zuba.

Yanzu ina ganin Inna ta san wanda take ba wa labarin. Binta ba ta da abin yi da maraƙi mai fushi. Ni aka ajiye wa shi a bakin rami, shekara bayan shekara, ko zan gane cewa kura ta iya sauraro. Na gane. Ban shiga ba, kuma ina roƙon Allah Ya tsare ni. Amma kamar maraƙin, ban koma gida ba tukuna, kuma wadda za ta kira ni ta riga ta tafi.