Gwaggo Verna, Mai Gadin Hanyar Tuck's Cove

Kafin hayaƙi ya fara tashi daga gidajen Merrow Arm, Gwaggo Verna Cluett ta riga ta sha shayinta a tsaye. Ba ta iya zama da safe. Rediyo na kan taga yana faɗin yanayin teku, ita kuma tana ɗaure takalmi, kunne na wurin mai magana, ido na kan ruwa. In aka ce iska za ta juyo daga arewa maso gabas, sai ta ajiye kofin da sauran shayi a ciki, ta saɓa jaka. Zarto ne a jakar, da guduma, da ƙusoshi, da burodi shafe da maɗi.

Hanyar kowa ya san ta. Daga bayan coci ta tashi, ta bi gefen mashigin teku, ta wuce tsofaffin igwoyin nan da suka yi tsatsa a kan tudu, ta gangara gadar katako, ta sake hawa, har ta dire Tuck's Cove, inda ba kowa yanzu sai harsashin gidaje da maƙabarta. A can aka haifi Verna. Tana yarinya aka tashi garin, aka jawo gidansu a kan ruwa da kwale-kwale zuwa nan. Ta yi aiki a masana'antar gyaran kifi har ranar da aka hana kamun kifin kod, masana'antar ta rufe. A shekarar ne ta ɗauki gatari ta shiga sare dajin da ya cinye hanyar garinsu. Ba wanda ya aike ta. Sai da baƙi suka fara zuwa yawo sannan majalisar gari ta sa wa aikin suna, ta ba ta riga mai tambari.

Wanda bai san ta ba zai ɗauka jaruma ce. Ita ce za ta fara ƙaryata shi. Verna tsoron tudu take yi. Shekara da shekaru tana bin bakin dutsen nan, har yau in ta zo inda hanya ta matse, sai ta kawar da kai daga ruwan, ta dafa bishiya. Ba katakon da take yarda da shi sai ta taka shi da ƙafarta. In ta ji iska ta kaɗa da asuba, a ranta bishiya ta riga ta faɗi a kan wani. Kawu Ambrose, mijinta, ya ce tun da ta kama aikin nan bai ci abincin yamma da zafinsa ba a lokacin baƙi, don ba ta ɗora tukunya sai motar ƙarshe ta bar bakin hanya.

Tsokanarta ake yi a kanti. Su ce Gwaggo, yau wa kika koro? Don ta sha mayar da mutum gida saboda silifas. Wani baƙo ya taɓa ce mata ya hau duwatsun da suka ninka wannan, ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce to madalla, amma a can ba ita ce za ta kira uwarsa a waya ba. Ya koma ya sauya takalmi.

Abin da ya faru a kakar bara ne ya sa na ga bai kamata mu bar ta ta sauka daga aikin nan shiru ba.

Guguwa ta yi kwana biyu tana dukan gaɓar nan. Da ta lafa, Verna ta ɗaure igiya a bakin hanya ta rataya allon da ke cewa an rufe, don ba ta riga ta duba abin da teku ya yi ba. Gwiwarta ta dama ta kumbura a makon, likita ya ce ta zauna. Ta zauna har azahar. Daga nan ta ce wa Ambrose za ta leƙa igiyar ne kawai.

Ta tarar da wata motar haya a ajiye, igiya kuma a kwance a ƙasa. Hazo ya fara shigowa daga bakin teku, ya riga ya rufe tsibirin da ke ƙofar mashigin. Ta taɓa murfin injin motar, ya yi sanyi. Sun daɗe da shiga ke nan. Ta bi bayansu. A kan tudun igwoyi, inda waya ke kamawa, ta kira Ambrose ta ce ya tayar da jirgin ruwa ya zagayo ta Tuck's Cove. Ya ce tsohuwa, da wace gwiwar? Ta kashe wayar.

Bayan gadar katako ta ci karo da wata mata tana tahowa da gudu, fuska duk hawaye. Sunanta Colleen, daga lardin Alberta mai nisa suka zo. Cikin haki ta ce mahaifinta ta kawo, tsoho ne, tunaninsa ya fara guduwa, kuma tun bazara ba abin da yake roƙo sai a kai shi kabarin mahaifiyarsa. Da suka ga igiya ta ce su koma, ya fashe da kuka, sai ta kwance ta, a kan za su je su dawo yanzu. Ta tsaya amsa waya a wurin igwoyi, ta ɗago ba ta gan shi ba. Ta je har maƙabarta, ta kira har muryarta ta dishe. Ba ya can.

"Yaya sunansa?"

"Chesley Pardy."

Verna ta rufe ido. Ta san shi. Gidan su Chesley na sama da na su Verna a Tuck's Cove, sa'an yayanta Walt ne. Ta kuma gane inda ya bi. Hanyar da ta sare ta karkata ne zuwa cikin daji, amma ta mutanen dā miƙewa take ta bakin gaɓa zuwa Dutsen Mata, inda iyayensu ke tsayawa su hango jiragen mazajensu. Ita da kanta ta toshe wannan da rassa tun da daɗewa, don ƙasar wurin zaizayewa take. Mutumin da ya manta abin da ya ci da safe bai manta hanyar da ya bi yana yaro ba.

Sun sami rassan a ture. Verna ta ce wa Colleen ta taka inda ta taka, kada ta yi magana. Ba a ganin komai sai kututturan bishiyoyi, amma ƙarar ruwa na ƙaruwa daga ƙasa, har ana jin ta a tafin ƙafa. Gwiwar na yi mata zugi kamar ana soka ƙusa. Duk taku sai ta ga a ranta abin da take tsoron tararwa.

Da suka fito fili, ga tsohon zaune a kan ciyawa a bakin gaɓa, hula a hannu, ƙafafu a miƙe. Colleen ta yunƙura za ta ruga, Verna ta damƙe hannunta har sai da ta yi ƙara. Ta nuna mata gefe. Daga inda suke ana ganin ƙarƙashin wurin da yake zaune. Guguwa ta kwashe ƙasar, ciyawa da saiwoyi ne kawai ke riƙe da shi, kuma wata tsaga ta buɗe tsakaninsu da shi. Wurin ba zai ɗauki mutum biyu ba. In kuma aka daka masa tsawa ya zabura, ba a san inda zai taka ba.

Verna ta rungumi wata bishiya da hannu ɗaya. Ta kira shi a hankali.

"Yaya Ches, sannu da hutawa."

Ya waiwayo a hankali, ya dubi tsohuwar da ke gabansa. "'Yar gidan wa ce ke?"

"'Yar Eli Bungay. Verna, ƙanwar Walt."

"Mai kukan nan?"

"Ita ce."

Ya yi dariya. Ya ce jirgin babansa yake jira, ya makara yau, ga hazo. Ya ce ta zo ta zauna, daga nan an fi gani. Verna ta faɗa mini daga baya cewa ta yi tunanin yi masa ƙarya, ta ce mahaifiyarsa na kira, amma ta ji tsoron ya tashi da sauri. Sai ta faɗi abin da ke ranta.

"Yaya Ches, ba zan iya zuwa nan ba. Tsoro nake ji. Ƙafata ma rawa take. Ban san yadda zan koma gida cikin hazon nan ni kaɗai ba. Don Allah zo ka raka ni."

Ya mayar da kallonsa ga ruwa. Ƙasa kaɗan ta zube daga gefen tsagar, ba su ji faɗuwarta ba. Colleen ta toshe bakinta da hannu.

"Har yanzu ba ki daina ba," in ji shi. "Walt ya ce ko kaza ta bi ki sai kin yi ihu."

Ya sa hularsa, ya dafa ciyawa ya miƙe. Ya ɗan yi tangaɗi ta bayansa, sannan ya tsaya daidai. Ta miƙa masa sandarta, ta ce ya kama ya ja ta, ita ba ta ganin hanya. Ya tako, ya tsallake tsagar bai ko dube ta ba, ya kama sandar, sannan ya kama hannunta. Ya ce ta daina rawar jiki, ai ga shi.

Haka ya riƙe ta har maƙabarta, yana nuna mata inda za ta taka a hanyar da ita ta sare. Dutsen kabarin mahaifiyarsa na tsaye, an kankare gansakukar da ke kansa, sunan na karantuwa. Verna ce ta tayar da dutsen da wasu da dama da sanyi ya tuge, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai da Colleen ta tambaya. Tsohon ya cire hula ya tsaya. A nan gwiwar Verna ta ƙi ɗaukarta, ta zauna a kan ciyawa, ba ta sake tashi ba sai da Ambrose ya iso ya cicciɓe ta zuwa jirgi, yana faɗa tun daga tudu har bakin ruwa.

Kafin mako ya zagayo Dutsen Mata ya rufta. Masu kamun ƙaguwa ne suka ga jar ƙasa sabuwa a jikin gaɓar suka kawo labari. Mu muna ta yi mata barka, ita kuwa kwana ta yi tana juyi, tana cewa da ƙofa ta sa maimakon igiya da duk haka ba ta faru ba. Da sanda a hannu ta tsaya a kan Ambrose har ya kafa ƙofar.

Gwaggo Verna, ke ce kika ɗauki tsoron da ya kamata mu raba tsakaninmu, kika riƙe shi ke kaɗai, mu muka yi barci. Ke ce mai bin hanya kafin baƙo ya bi. Duk wanda ya je Tuck's Cove ya ɗauki hoto ya dawo yana yabon kyan wurin, bai san an riga shi taka kowane katako da zuciya a hannu ba. Iyayenmu da ke kwance a can ba su ɓace a cikin daji ba saboda ke. Mun gode. Allah ya ba ki lafiyar ƙafar nan, ya ba Kawu Ambrose haƙurin zama da ke a gida.

Wata mai zuwa za a yi mata aikin gwiwa a birnin St. John's, kuma likita ya ce ita da hawan tudu sun yi sallama. Ga abin da ke hana ni sakewa: har yau ba wanda ya ce zai karɓa. Matasanmu sun tafi aiki Alberta, mu da muka rage kowa na kallon na kusa da shi. Teku kuwa bai san an yi ritaya ba. Ya fara cin gefen maƙabartar ta gabas, gadar katako na son sababbin ƙafafu kafin ƙanƙara ta sauka, baƙi kuma za su dawo da bazara ko da mai duba hanya ko babu.

A walimar shayin da aka yi mata a zauren coci, shugaban majalisa ya ce za su nemo ƙaƙƙarfan saurayi marar tsoro ya gaje ta. Ta ajiye cokali.

"Kada ku kawo mini marar tsoro," ta ce. "Shi zai ce katakon zai kai baɗi. Ku nemo mini wanda zai kasa barci."

Saboda haka in kai ne mai komawa ya duba murhu bayan ya kulle gida, in ke ce wadda 'ya'yanki ke yi wa dariya don kin cika cewa a yi hankali, ku ake nema. Ba sai mutum ɗaya ya ɗauka duka ba, ita ma bai kamata mu bar ta ta ɗauka ba. Ranar Asabar da safe za ta kasance a bayan coci, a zaune a motar Ambrose, ƙafa a miƙe, za ta faɗa wa duk wanda ya zo inda ƙasa ke da taushi da inda bishiya ta jingina. Ku zo da safar hannu. Ku kuma duba takalmanku kafin ku fito, don daga cikin motar ma tana iya mayar da mutum gida.