Kwaɗon da Kuka Sa wa Kabad ɗin Yaya Tukur

Shekara biyar ke nan da aka binne yayana Tukur a nan Kuala Lumpur, nesa da Gumel inda iyayenmu suke kwance. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan dafa abinci in yi masa sadaka, in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Na so in rubuta kalaman kewa irin waɗanda ake yi wa mamaci, amma duk sanda na zauna sai kwaɗon da aka garƙama wa kabad ɗinsa ya tsaya mini a ido. Masu karatu ku yi mini uzuri, da fushi nake rubutun nan, kuma waɗanda nake fushi da su sun san kansu.

Ni matar gida ce, karatuna bai wuce sakandare ba. Aure ya kawo ni ƙasar nan, maigidana yana koyarwa a jami'a. Yaya ya biyo bayanmu don yin digiri na uku a fannin tarihi, ya kama ɗaki a bene ɗaya da mu a Pantai Dalam. Abin da yake bincike a kai ya sha ba ni dariya. Wai a zamanin mulkin mallaka Turawa sun riƙa gina 'yan bukkoki a tsibiran da ke can ƙuryar teku, inda babu ɗan Adam sai sanyi da tsuntsaye. A ciki sukan ajiye biskit a gwangwani da barguna da ashana da tufafi, saboda wanda jirginsa ya farfashe ruwa ya tofo shi gaɓa. Sukan kafa sanduna a bakin ruwa masu nuna inda bukkar take. Lokaci-lokaci jirgin gwamnati ya zagayo ya cike abin da ya ragu.

Wata rana yana cin tuwo a falona na ce, "Yaya, duk tarihin duniya ka rasa abin karantawa sai biskit ɗin Turawa?"

Ya ce, "Ke dai ƙaro mini miya, Binta. Ranar da kika ji yunwa a garin da ba ki san kowa ba za ki daina raina biskit."

Ba ƙaunar Turawan yake yi ba, ko kaɗan. Yakan ce hannun da ya ajiye bargo a tsibirin da babu kowa, shi ne hannun da ya karɓi haraji a wurin kakanninmu a shekarun da rumbuna suke wayam. Tausayinsu ga nasu yake, mu kuwa abin tatsa ne. Amma ya ce akwai abu ɗaya da suka gane: ba su sa mai gadi a ƙofar bukkar ba. Mutumin da teku ta tofar ba shi da ƙarfin tsayawa ya yi wa wani bayanin kansa. Iyakar abin da suka yi, sun rubuta la'ana a jikin akwatin ga duk wanda ya taɓa kayan alhali jirginsa lafiya lau yake.

A shekarar da kuɗin tallafin karatu suka fara jinkiri, naira kuma ta zube, Yaya ya ga irin waɗancan mutanen a benenmu. Ba teku ce ta tofo su ba, jirgin sama ne. Magidanta masu mutunci, wasu malamai ne a gida, suna wucewa ta gaban shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, da sauri don kada ƙamshin gurasar roti ya kama su. Ya roƙi dattijon da ke kula da surau ɗin benenmu, wato ɗan masallacin ƙasa, ya ba shi lungun da ke bayan wurin alwala. Ya sayo tsohon kabad na katako a Sentul, ya zuba shinkafa da mai da gari da madarar yara, da kuka da daddawar da aka aiko masa daga gida.

Doka ɗaya ya kafa, kuma a cikinta duk hikimar take. Duk wanda zai shiga lungun nan ya shiga da baƙar leda a hannu, ya fito da baƙar leda a hannu. Mai kaiwa da mai ɗauka kamarsu ɗaya. Ya san mutanensa. Bahaushe zai kwana uku yana shan ruwan zafi, ya fito da wankakkiyar riga ya ce maka lafiya lau, da dai a gan shi yana miƙa hannu. Mu mata har muka mai da abin al'ada, ko ba ka da abin kaiwa ka ɗauki ledarka ka leƙa, don kada masu shiga su zama abin ƙirgawa.

Ba zan ce ba a taɓa cutarsa ba. An taɓa. Akwai makon da aka kwashe buhun shinkafa guda, kuma an ga motar da aka sa shi. Maigidana ya fusata ya ce a sa mukulli. Yaya ya ce a'a, tsibiran ma masu farautar dabbobin ruwa sun sha kwashe musu kaya, amma ba a taɓa jin an toshe bukkar ba, sake zubawa ake yi. Ya je ya sayo wani buhun, watan nan bai sha shayi da madara ba.

Zazzaɓi ya kwantar da shi, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ranar ta'aziyya ku shugabannin ƙungiyar 'yan gida kuka cika falona da manyan riguna, kuka ce kabad ɗin Malam Tukur amana ce a wuyanku. Na yi kuka na gode muku. Da na san abin da kuke nufi da amana, da ban gode ba.

Da farko kuka kafa kwamiti. Sai kuka ce ana ɓarna, kuka sa kwaɗo, kuka ba matar shugaba mukulli. Sai kuka ce mai buƙata ya yi magana a zauren ƙungiya na waya, inda kowa yake gani. Sai wanda ya fi duka muni: kuka fara ɗaukar hoton mai karɓa yana riƙe da galan ɗin mai, kuna tsaye gefensa kuna murmushi, wai don masu taimako na gida su gani. Kuma ku da kuke kukan ɓarna, shinkafar kabad ɗin nan aka dafa a walimar Sallarku ta bara. Ni na ga buhun a ɗakin girkin, da ɗinkin da na yi masa da hannuna. Jirginku lafiya lau yake, da motocinku da yawonku na ƙarshen mako a manyan kantunan Bukit Bintang.

Me Yaya zai ce da ya ga haka? Ina jin ba zai ɗaga murya ba, bai iya ba. Zai dai ce ko Turawan da suka zalunce mu ba su taɓa ɗaukar hoton wanda ya tsira yana cin biskit ba.

Abin da ya hana ni shiru ya faru watan jiya. Akwai wata yarinya a hawan da ke ƙasa da namu, zan kira ta Maman Ilham, ba shi ne sunanta ba. Mijinta ya tafi gida tattaro bayanan bincike, dawowa ta gagara. Kullum muka haɗu sai ta ce, "Lafiya lau, Anti, alhamdulillahi." Ranar nan 'yarta ta shigo wasa da nawa, na ce ko ta ci abinci, ta amsa mini da Malayanci kamar yadda yaran nan suke yi, "Belum makan," wato ba ta ci ba. La'asar ta wuce. Na sauka na tarar da uwar tana tafasa ruwa a tukunya babu komai a ciki, don yara su ɗauka girki ake yi.

Na ce, "Haba ƙanwata, ba ga kabad can ba?"

Ta ce, "Na je, Anti. Da ledata. Na ga kwaɗo." Ta sunkuyar da kai. "In an sa hotona, surukata za ta gani. Za a ce ɗanta ya bar ni ina bara a ƙasar mutane."

Washegari da hantsi na je wurin dattijon surau na ari abin kwance ƙusa. Ya dube ni ya dubi kabad ɗin ya ce, "Boleh," wato ya yarda. Ban fasa muku kwaɗo ba, ba kayana ba ne. Ƙyauren na cire gaba ɗaya, kwaɗon yana maƙale a jikinsa a kulle. Na ɗauka na hau da shi har ƙofar shugaba, na yi sallama. Matarsa ta fito baki buɗe.

Na ce, "Hajiya, ga ƙyaurenku ga kwaɗonku, mukulli dama yana hannunki. Ku ci gaba da tsaronsa."

A wurin ƙyauren na rataya bargon Yaya, wanda ya zo da shi daga Gumel bai taɓa lulluɓa da shi ba saboda zafin garin nan.

Na ji an ce kun kira maigidana kun ce ya ja wa matarsa kunne, kuma ranar Lahadi za ku zauna a kan mayar da ƙyauren. Ku zauna. Ban mayar wa dattijo abin kwance ƙusarsa ba tukuna, kuma matan benen nan sun ciro baƙaƙen ledojinsu.

Littafin binciken Yaya yana nan a kwali a ƙarƙashin gadona, bai kammala ba, ba wanda zai kira shi Dakta. Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Na daɗe ina tambayar kaina me ya rage nasa a duniya. Ranar Juma'ar da ta wuce na shiga bayan bargon na ajiye gari da kwalbar mai. Ranar Asabar na koma, babu su. Ban san wanda ya ɗauka ba, ba zan taɓa sani ba, kuma babu hotonsa a wayar kowa. Na tsaya a lungun ina kallon wurin da kwalbar take, na ji yayana kusa da ni fiye da duk ranar da na yi masa sadaka.

Allah ya jiƙanka Yaya Tukur, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa bayinsa. Ku kuma Allah ya shirye ku kafin Lahadi.