Rawata da Tela

Na koyi rawar Turawa bayan na yi furfura, a zauren taron cocinmu, a hannun wani tela.

Ni direban babbar mota ne. Doya na ɗauka zuwa kudu, gishiri daga Keana, duk abin da aka loda. Mota ta taɓa kifewa da ni a hanyar Akwanga, har yau akwai ƙarfe a ƙafata ta hagu. Ban yi makaranta ba. Rawa kuwa, ko ta gargajiya ban taɓa yi ba. In ana kiɗa, bayan mutane nake tsayawa.

'Yata ce ta jawo. Ita kaɗai gare ni, uwarta ta rasu tana ƙarama. Da aurenta ya matso sai ta ce yanzu a wajen liyafa amarya kan yi rawa da ubanta, su biyu a tsakiyar fili, irin wadda ake riƙe juna ana zagayawa a hankali.

Na ce, "Ba na rawa."

Kawunta yana wurin, wan uwarta, tsohon ma'aikacin gwamnati mai son kwat. Ya ce, "Kada ka damu, suruki. Zauna ka hutar da ƙafar. Ni zan riƙe ta, ai ni ma uba ne."

Yarinyar ta ci gaba da tsintar shinkafa. Lokacin da ta yi ƙyanda ban ga kwat ɗinsa a asibiti ba. Washegari na je coci na tambayi inda ake koyon abin.

Wata Madam ce, tsohuwar nas, take koya wa masu shirin aure bayan mawaƙa sun tashi. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta buɗe hannu ta ce in riƙe ta. Na ƙi. Mijinta dattijon coci ne, muna gaisawa. Ko matata ban taɓa riƙe wa ƙugu a gaban jama'a ba.

Ta ce, "To Baba, da wa za ka yi? Da benci?"

Sai ta haɗa ni da telan. Ɗan siriri ne, kansa iyakar kafaɗata. Ya daɗe yana zuwa, budurwarsa tana Abuja, ba shi da abokin yi. Ya sa hannu a bayana, ya ce in ɗora nawa a kafaɗarsa. Madam ta ce mu fara a haka, in ƙafata ta saba da kiɗan sai a juya. Ban tambayi abin da za a juya ba.

Shi ya tako gaba, ni in ja baya. Na tattake shi har ya koma zuwa da takalmin roba irin na masu noman shinkafa.

Yakan ce, "Oga direba, wannan ƙafata ce, ba birki ba."

Ja da baya bai dame ni ba. Na sha shigar da tirela lungun kasuwar doya da baya. Sai dai a nan babu madubi. Na buge benci, na kayar da gangar mawaƙa. Tela ya ce in daina waiwaye, in saurari hannunsa kawai, in ya danna in tafi. Wannan ya yi mini nauyi. Tun da na kama sitiyari ban yarda wani ya tuƙa ni ba. Ko a motar haya gaba nake zama, ina taka birkin da babu. Amma na saki jiki. Wata rana muka zagaye zauren ba mu taɓa komai ba, har ya ɗaga hannu na juya ta ƙarƙashi, sai da na rusuna kafin na wuce. Matasa suka tafa. Na ɗauka na sauke karatu, ban sake komawa ba. Madam ta aiko kira, na ce a gaya mata na gode, na iya.

Ran biki aka kira mu fili. Na ɗora hannu a kafaɗar 'yata yadda na saba. Ita ma ta ɗora nata a tawa. Kiɗa ya tashi, na ja baya, ita ma ta ja baya. Hannuwa suka rabu, tsakaninmu har akuya za ta wuce. Muka matso muka sake, haka dai.

Wani ya yi dariya. Na hango kawun ya miƙe yana gyara maɓallin kwat.

Ta ce a hankali, "Baba, wa ya koya maka?"

"Tela."

"Shi ne namijin?"

Nan na gane abin da Madam ta so a juya. Na ce, "Ga kawunki nan tafe. In kina so, ki karɓe shi."

Ta ce, "Bar hannunka inda yake."

Ta zura nata ta bayana, ta danna. Na tafi. Ta fi tela ƙarfi, kuma ba ta lallashi. Ta zagaya da ni filin, ina ja da baya cikin babbar riga. Da ta ɗaga hannu na rusuna na juya, ƙarfen ƙafa da komai. Mata suka rangaɗa guɗa. Kawun ya iso bakin fili ya tsaya, sai ya shiga yi mana liƙi, don a ce abin da ya tashe shi ke nan.

Yanzu na ajiye tuƙi. Ina Lafiya, ina zama a rumfar doyar wani abokina. 'Yata tana Makurdi da mijinta. Ranar koyo ina zuwa zauren, don Madam kullum tana ƙarancin mata, ni take miƙa wa sabbin angwaye su gwada. Ɓangaren maza har yau ban koya ba.