Gayyar da Yaya Sanusi Ya Kafa a Cikin Kwamfuta

Da damanar bana Yaya Sanusi ya cika shekara bakwai a kabari. Ni ce ƙanwarsa Hajara, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a Gwaram, kuma har yau idan na zauna gaban kwamfuta ranar Alhamis sai in ji kamar yana tsaye a bayana yana jiran in yi kuskure ya yi dariya.

A Kiyako muka tashi, gidan noma. Shi ya yi karatun kwamfuta ya zauna a Birnin Kudu, yana gyara wa mutane na'urori. Da asibitinmu ya koma ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, ni na jawo shi, don na ga abin yana neman fin ƙarfinmu. Duk abin da muka sani game da mara lafiya yana cikin rumbun bayanan nan: rukunin jininsa, maganin da jikinsa ba ya so, da sunayen mutanen gari da suka yarda a kira su idan ana neman jini. An ce mana mu riƙa kwafe rumbun a wani faifai daban saboda tsaro. To, kwafin nan sai ya ɗauke mu daga azahar har magariba, wuta kuwa ba ta da wannan haƙurin. Tana ɗaukewa aikin ya lalace, gobe a sake daga farko.

Yaya ya zo a kan babur ɗinsa, ya buɗe wani baƙin allo wanda babu hoto ko ɗaya a kansa, sai rubutu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hajara, injin nan hannu huɗu gare shi, kun sa shi noma da hannu ɗaya. Gonar Baba ma ba haka ake yi mata ba."

Abin da ya yi bai wuce layi biyu ba. Ya sauya umarnin yadda kwafin zai daina fita a dunƙule guda, ya riƙa fita kashi-kashi a cikin jaka ɗaya. Sannan ya ƙara ɗan harafin j da lamba huɗu, wato ma'aikata huɗu su kama aiki lokaci guda, kowa da kunyarsa. Ya kuma rage matse bayanan da injin ke yi, ya ce faifai yana da fili, lokaci ne ba mu da shi. Ya danna, ya ce in haɗa masa shayi. Kafin shayin ya huce an gama. Na tsaya da kofi a hannu ina kallonsa. Mutumin da muka yi kiwon awaki tare, wanda ko ɗaurin buhu bai iya ba, shi ne ya kira gayya a cikin ƙarfe kuma aka amsa masa.

Na ce to ya sa ma'aikata ashirin mana, a gama nan take. Ya gwada mini don in gani da idona, sai aikin ya ƙara nauyi. Ya ce gayyar da ta fi ƙarfin gona tattake shuka take yi.

Amma ba saurin kwafin ne ya fi damunsa ba, saurin dawo da shi ne. Innarmu tana da wata al'ada: kafin ruwan fari takan ɗebi 'yan ƙwayoyin iri daga rumbu, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ta ajiye, ta ga ko za su tsiro. Ba ta yarda da iri don kawai yana cikin rumbu ba. Yaya ya kawo wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, mai batir da ya gaji da duniya, ya ce wannan ce tsummanmu. Duk Alhamis sai na cire mata wayar wuta, na jona faifan ajiya, na dawo da rumbun gaba ɗaya a cikinta. Can ma ma'aikata huɗu ya sa, kuma ya yi ta gyara umarnin har sai da dawowar ta riƙa ƙarewa kafin batirin ya mutu. Ya hana ni rubuta umarnin a takarda, ya ce yatsuna ne za su haddace. Na sha yi masa tsiya cewa ya mai da ni ɗalibar da ba ta nemi makaranta ba. Amsarsa ɗaya ce kullum, ba a fafe gora ranar tafiya.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, cikin 'yan kwanaki. Bayan rasuwarsa na ci gaba da aikin Alhamis, da farko ba don na yarda da amfaninsa ba, sai don shi ne wurin da nake jin kusa da shi.

Shekara uku da rasuwarsa, wata ranar kasuwa da hantsi, aradu ta faɗi kusa da asibiti. Babbar kwamfutar ta ƙone, janareto ya ƙi tashi. A daidai lokacin aka kawo wata mata daga Basirka, Dije, ta haihu a gida jini ya ƙi tsayawa. Aka gwada jininta, sai ga shi irin wanda ba a cika samu ba, kuma ba wanda ya dace a cikin danginta da suka rako ta. Likita ya ce ba za ta jure hanyar Birnin Kudu ba sai an ƙara mata jini. Mun san akwai mutum biyu ko uku a Gwaram masu irin jininta, amma sunayensu suna cikin injin da ya ƙone.

Na ɗauko faifan daga aljihun tebur, inda Yaya ya ce ya riƙa kwana ba a jone da komai ba. Na buɗe tsohuwar kwamfutar. Yatsuna ba su tambaye ni komai ba, suka rubuta abin da suka saba. Ina kallon rubutu yana gudu a baƙin allo, ina kallon alamar batir tana ja da baya, ina jin kukan jaririyar ta bayan labule. Aikin ya kammala. Na nemi rukunin jinin, suna uku suka fito. Na rubuta lambobin wayarsu a tafin hannuna da biro, ina rubuta ta ƙarshe allon ya yi baƙi. Na biyu da muka kira wani tela ne a bakin kasuwa, ya bar keken ɗinkinsa ya taho a cikin ruwa.

Da yamma, bayan Dije ta buɗe ido ta nemi 'yarta, likitan ya zo ya tsaya kan matacciyar kwamfutar ya ce a hankali, "Malam Sanusi ya zo aiki yau." Nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Yanzu rufin asibitinmu cike yake da faifan sola, wuta ba ta yanke mana. Kwafin ma da kansa yake tafiya ta intanet zuwa wata ma'ajiya da ban san a wace ƙasa take ba. Matasan da ke kula da na'urorin suna da ilimi, abin da Yaya ya kwashe makonni yana gwadawa su a waya suke tambaya a ba su amsa. Na san da zai yi murna, don ba mai ƙyashi ba ne, zai zauna ya sa su koya masa. Amma na san kuma tambayar da zai yi musu kafin ya tashi: kun taɓa dawo da shi kun gani? Na yi musu ita a madadinsa, ashe ba su taɓa gwadawa ba. Yanzu Alhamis tare muke yi.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba, babur ɗin ma an sayar. Abin da ya bari layi biyu ne na rubutu da wata al'ada da ya aro daga tsumman Inna. Kwanan baya Dije ta kawo 'yar tata rigakafi, yarinya mai surutu, har ta fara zuwa islamiyya. Ta kama mini hannu tana wasa da yatsuna, tana ƙirga su. Ba ta san sunansa ba, uwarta ma ba ta sani ba. Allah Ya sani, kuma Shi nake roƙo Ya sa wannan a mizanin Yaya Sanusi, Ya haskaka makwancinsa.