Amala da Miyar Kuka

Farkon damina ne, a shekarar da kasuwa ta yi sanyi har motocin goro suka rage shigowa Ojoo, nan ƙasar Yarbawa. Lokacin ne ma'aikatan ƙaramar hukuma suka kawo maganar a mayar da layinmu na unguwar Sabo layin kayan Hausa zalla, wai don baƙi su riƙa zuwa takanas. Duk gida mai sana'a za a ba shi allo ya rataya a ƙofa. Wanda sana'arsa ba ta Hausa ba, sai ya nemi wani layin.

Ni daga cikin gida nake sana'ata, ba na fita. Amala, wato tuwon garin doya, nake tuƙawa da miyar kuka, yadda na taso na ga mahaifiyata tana yi, kuma ita direbobin Arewa ke aikowa a saya musu. In aka ce wani layin, to an ce in daina ke nan.

Wata ma'aikaciya Bayarabiya ta shigo mini da allon da kuma takardar cikewa mai gidaje biyu: na Hausa, na Yarbawa. Da yake na yi yaƙi da jahilci, na karɓa na karanta da kaina, a hankali.

"Mama, amala ai tamu ce," in ji ta.

Na ce to kukar fa? Na zuba mata. Ta cinye tas, ta ce sai ta tambayi oganta. Ta tafi ta bar mini allon da takardar.

Maigida ya ce in cika gidan Hausa in rubuta tuwo kawai, wa zai buɗe tukunya. Na ce masa tuwon da ya fito baƙi-baƙi, me zan ce da mai saye? Gwaggona kuwa, da ta taɓa zama Kano, cewa ta yi can ko kyauta ba za su ci ba. Ni ban taɓa zuwa Kano ba, a nan aka yanke mini cibiya. Na rasa gane ko abincin ne ba na Hausa ba, ko ni ce.

Washegari bayan sallar asuba na sa alama a gidajen takardar duka biyun. Na rubuta a allon abin da nake dafawa, harafi-harafi, na miƙa wa maigida ya rataya. Sannan na ɗora ruwa, ina kasa kunne ko za a zo a cire.