Sunan da Shafa'atu Ba Ta Faɗa

A Sabiyal, in ana maganar zaɓen albasa, sunan Shafa'atu matar Gado ba ya nisa. Tun tana amarya take zama gindin rudu, inda ake jibge albasa ta jira tsada, tana taɓa kowace da yatsa, tana ware wadda ta fara laushi. Ba ta yi boko ba. Wayarta ƙarama ce, fuskar a tsage, amma ta iya danna wurin magana ta aika wa dillalan Aliero saƙon murya, su ma su amsa mata da murya.

Mace ce mai kunya irin ta mutanen da. 'Yarta ta fari Murja ce, kuma tun ranar suna sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ana yaye ta kakarta Tani ta ɗauke ta. Duk abin da ake son yarinyar ta ji, Tani ake faɗa wa. Bara Tani ta rasu, Murja ta dawo ɗakin uwarta tana aji biyar na sakandare, da wayar da kawunta ya saya mata don karatu. Suna kwana ɗaki ɗaya, amma in tuwo ya nuna sai Shafa'atu ta dubi bango ta ce, "Wasu mutane su zo su ɗauki nasu." Ko da ta sa aka ajiye mata lambar yarinyar a waya, cewa ta yi a rubuta Waccan.

Da rani ya tsaya sai tuwon wasu mutane ya fara kwana a kwano. Waya na ƙara, Murja ta kife ta. Uwar duk tana gani.

Wata la'asar tana shanya a bayan zana, ta ji muryar namiji na fita daga wayar, ƙasa-ƙasa. Cewa yake a turo masa wani hoton, wanda ya fi na farko, kafin Juma'a. In ba haka ba, na farkon zai zaga Aliero da Jega. Daga nan sai shesshekar yarinya.

Shafa'atu ta ƙarasa shanyarta. Ta san Gado: in ya ji, waya ta sha dutse, makaranta kuma ta ƙare. Tani ba ta nan. Goggo Zulai ta Maiyama tana nan, sai dai abin da ta ji da safe, kasuwa ta ji shi kafin azahar.

Washegari ta yi lulluɓi ta tafi wurin Malama Maryamu ta Islamiyya. Bayan gaisuwa ta ce wata maƙwabciya ce ta aiko ta da tambaya a kan ɗiyarta.

Malama ta saurara har ƙarshe, ba ta tambayi wace maƙwabciya ba. Ta ce irin mutanen nan sun yi yawa a waya. Sukan zo da sunan mace, ko da alkawarin taimakon karatu, sai sun sami hoto su juye. Kada a ƙara tura komai, kada a goge saƙonninsa don su ne shaida, sannan a toshe lambar.

"Amma ki ce ma maƙwabciyar taki, ƙarfinsu duka shirun yaro na. Ran da yarinya ta san uwatta ta sani kuma ba ta kore ta ba, rabin abin ya mutu."

"In uwar ba ta magana da ita fa? Ɗiyar fari ta."

Malama ta yi murmushi. "To, shi mai wayar bai jin kunyatta."

Shafa'atu ta dawo da maganar nan a ƙirji. Da yamma ta gwada yadda ta saba. Ta dubi akuya ta ce duk wanda ƙaya ta soka ya nuna ƙafa a cire masa. Murja ta tashi ta shige ɗaki. Ranar Laraba ce.

Alhamis da hantsi, Murja na ɗaki ba ta je makaranta ba, Shafa'atu ta zauna gindin rudu ita kaɗai, albasa a cinya. Ta ciro waya, ta nemo Waccan, ta danna wurin magana. Ta saki ba ta ce komai ba. Ta sake dannawa, ta yi sallama kamar mai shiga gidan surukai, ta saki. A na uku ta rufe ido.

"Murja. Ni ta, innarki. Na ji abin da mutumen nan ya ce. Ba ni fushi. Kada ki tura mai komi. Ina gindin rudu."

Ta ajiye wayar ta ci gaba da zaɓe, sai dai masu kyau take jefawa cikin ruɓaɓɓu. Can sai ga inuwa. Murja ta durƙusa, ta miƙa wayarta da hannu biyu, tana kuka. Wai da farko mutumin cewa ya yi shi malama ce mai sama wa ɗalibai gurbin karatu.

Shafa'atu ta ce a nuna mata hoton. Yarinyar ce ba kallabi, da sabon kitso, tana dariya.

"Wanga shi na duka?"

"Shi na, Inna."

"Ai kai na kawai. Kowa na da kai." Ta ɗan ƙara dubawa. "Wa ya yi miki wanga kitso? Ta ja miki goshi."

Murja ta yi dariya cikin hawaye. Uwar ta sa ta danna mata wurin magana a lambar mutumin, ta ce, a natse kamar tana ciniki, "Ni uwatta ta. Mun ji, mun ajiye muryakka, malamanta sun sani." Daga nan suka tafi wurin Malama aka toshe shi. Juma'a ta zo ta wuce. Ba wanda ya ga hoto. Ko ya haƙura ne, ko ya koma kan ɗiyar wasu, Allah ne masani, kuma wannan na biyun shi ya sa Shafa'atu ta roƙi Malama ta yi wa mata bayani ranar karatu.

Gado ta faɗa masa da kanta, bayan ya ci ya sha fura. Ya miƙe yana neman wayar. Ta ce ya zauna, wayar a wurinta take kwana yanzu, da rana kuma a tsakar gida ake duba ta, kuma duk baƙon da ya yi sallama a ciki sai an nuna mata.

"Ke da ba ki karatu?"

"Tana karanta min."

Ya daɗe yana kallonta. "Ashe har magana kuke yi."

"Kaɗan-kaɗan."

Ya koma ya zauna, ya jawo ƙwaryar furar. Ranar Litinin Murja ta tafi makaranta.